Ɗana ya yi zango biyu a nazare bai iya rubuta A ba, in canja masa makaranta?

Tambaya: Malama, ɗana shekararsa huɗu da wata uku. Zango biyu ke nan yana zuwa nazare, amma har yau ko A bai iya rubutawa daidai ba. Duk ranar da na tambaye shi me suka yi, sai ya ce waƙa da wasan ƙasa. 'Yar maƙwabciyata sa'arsa ce, tana wata makarantar, kullum da aikin gida take dawowa, har ta iya rubuta 1 zuwa 100. Ga shi kuma antinsu ta ce min yana ƙwace kayan wasa a hannun yara, wani lokaci har da duka. Babansa ya ce asarar kuɗi kawai muke yi, a canja masa. Ni dai na rasa abin yi.

Amsa: Ƙanwata, kada a cire shi tukuna. Wataƙila makarantar ta cancanci a bar ta, zan zo kan wannan, amma dalilin da kuka kafa bai isa hujja ba. Cikin abubuwa biyun da kika kawo, rashin rubuta A da ƙwace kaya, na biyun ne ya kamata ki sa wa ido, kuma shi ne ainihin abin da aka kai yaro mai shekara huɗu ya koya.

Bari in fara sauke miki nauyin A ɗin nan. Na daɗe ina koyar da 'yan nazare kafin in koma horar da malamansu, kuma ban ga harafin da ya jawo wa yara duka a banza kamarsa ba. Hannun yaro yana da tsarin da yake bi. Wajen shekara biyu yakan ja layi daga sama zuwa ƙasa, sai na kwance, wajen uku ya zana da'ira, wajen huɗu ya gicciye layi biyu. Layin da ya karkace shi ke zuwa a baya, wajen huɗu da rabi, alwatika kuwa sai wajen biyar. To dubi babban A da kyau: layi biyu ne karkatattu da za su haɗu a tsini ɗaya. Yana cikin haruffan da suka fi wuya, amma don shi ne farkon abacada sai muka ɗora wa yaro shi a ranar farko. Ki ba shi O ko L ko T ya kwaikwaya da yatsa a kan yashi, ki ga ikon Allah. Ƙasusuwan wuyan hannu ma guda takwas ne, a shekarun ɗanki kusan rabinsu guringuntsi ne ba su yi ƙwari ba. Shi ya sa in aka tilasta masa cika shafi za ki ga ya damƙe fensir kamar mai riƙe muciya, yana danna shi har takarda ta huje.

Ita kuwa 'yar maƙwabciya, Allah ya ƙara mata basira, ba na kushe ta. Amma rubuta 1 zuwa 100 daban, sanin lissafi daban. Na taɓa karɓar wata yarinya daga irin makarantun nan, littafinta cike da lambobi tsaf kamar an buga. Na zube mata murfin kwalba biyar a tabarma na ce nawa ne. Ta fara taɓawa tana ƙirga da Turanci, bakinta ya riga yatsarta gudu, ta taɓa ɗaya sau biyu, ta tsallake wani, ta tsaya a takwas. Na ce to ba ni uku, ta kwaso duka ta zuba min a hannu. Ba laifinta ba ne. An koya mata lambobi kamar waƙa, ba a taɓa barin ta ta raba wa ƙawayenta gyaɗa ɗaya-ɗaya ba. Ki gwada ɗanki yau da dabino ko wake. In ya ƙirga biyar yana taɓa kowanne sau ɗaya, kika ce nawa ne ya ce biyar ba tare da ya sake ƙirgawa ba, to ya riƙe abin da ake gina lissafin firamare a kansa.

Yanzu ga batun ƙwacen, wanda a nan zan daɗe.

A 1932 wata mai bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Mildred Parten, ta wallafa abin da ta gani bayan ta zauna tana kallon yara 'yan shekara biyu zuwa biyar suna wasa. Ta lura ƙananan sukan yi wasa su kaɗai, ko su tsaya kallo, ko su zauna gefe da gefe kowa da nasa ba ruwan wani da wani. Daga baya ne suke fara miƙa wa juna kaya da hira, sai can wajen huɗu zuwa biyar a ga wasan da ake raba aiki: kai ne direba, ni ne yaron mota. Duk matar da ta yi raino ta san wannan ko ba ta san sunan Parten ba. Abin da nake so ki ɗauka shi ne ɗanki yana daidai bakin ƙofar wannan mataki na ƙarshe, kuma a bakin ƙofar nan rigima ta fi yawa. Yana son shiga cikin yara, bai san yadda ake shiga ba. Sau da yawa yaron da ya zo ya rushe ginin da wasu ke yi, in kika lura da fuskarsa, ba mugunta ba ce, cewa yake a yi da ni.

Akwai wani gwaji da masana biyu, Wimmer da Perner, suka fito da shi a 1983, kuma za ki iya yinsa a ɗaki da 'yar tsana biyu. Ta farko ta ajiye alewa a cikin kwano ta fita. Ta biyu ta ɗauke ta mayar cikin jaka. Ta farko ta dawo. Sai ki tambayi yaro: ina za ta duba? Mafi yawan 'yan shekara uku za su ce jaka, don a tunaninsu abin da suka sani kowa ya sani. Sai wajen huɗu zuwa biyar yaro ke cewa kwano, wato ya gane akwai wani tunani a kan wani mutum wanda ba nasa ba. Ki auna wannan da abin da muke nema a wurinsa. Muna so ya fahimci cewa yaron da ke riƙe da motar nan shi ma yana son ta, zai ji zafi in aka fizge, kuma in aka jira za ta zo. Wannan karatu ne mai nauyi, ya fi A nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba a koyonsa a kan allo. Sai an sa yara goma da mota uku.

Da can tsakar gida ke wannan aiki ba tare da an biya ko kwabo ba. Yaro na tashi cikin 'ya'yan baffa da 'ya'yan maƙwabta, a ci tuwo kwano ɗaya, babba ya raba nama ƙarami ya fara ɗauka ko ya jira, in ka yi zari a tsare ka da ido. In ka cika rigima a wasan ɓuya, gobe ba mai kiranka. Yanzu da yawanmu muna gida mai get, yaro daga shi sai uwarsa sai waya, duk abin da ya miƙa wa hannu nasa ne. Ranar da ya shiga aji ita ce ranar farko da ya haɗu da mutum ashirin da ba wanda zai bar masa don shi ƙarami ne. In ɗanki na fari ne ko shi kaɗai ne yaro a gidan, ƙwacen nan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan.

Abin tambaya shi ne me antin take yi in ya ƙwace. A nan ake gane malama. Wata za ta zaro bulala, yaro ya koyi cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, wanda dama shi ne abin da ya yi wa ɗan'uwansa. Wata za ta daka tsawa ta ce ya ce sori, ya faɗa da baki yana harara, an wuce wurin ba a koyi komai ba. Wadda ta san aiki za ta durƙusa daidai tsawonsu, ta riƙe motar a hannunta, ta ce: kana son motar, shi ma bai gama ba, dubi fuskarsa. Sai ta sa masa magana a baki: ce masa, in ka gama ka ba ni. Sannan, kuma wannan ne wurin da yawanci ake mantawa, ta tabbatar an ba shi ɗin in an gama. Yaron da ya jira sau uku ya ga jiran ya biya, zai fara jira. Wanda ya jira aka manta da shi, gobe hannu zai sa. Sai an maimaita wannan sau ba adadi kafin ya zauna, kuma malamar da ke fama da cika littattafan aikin gida guda arba'in ba ta da lokacinsa.

Ki kuma bincika wane harshe ake yi da su. Na shiga azuzuwan da ake hana ɗan shekara huɗu yin Hausa, wai banakula ce, alhali Turancinsa bai wuce gudmonin da sunayen launi ba. An ƙwace masa harshen da zai ce ba ni, bari, nawa ne, na gaji, ba a ba shi wani ba. To da me zai yi magana in ba hannu ba? Kundin manufofin ilimi na Najeriya, bugun 2013, ya tanadi a wancan lokacin cewa a wannan mataki a koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, a koya musu tushen lambobi da haruffa da launuka ta hanyar wasa, a cusa musu haɗin kai da ɗabi'un zama da mutane, kuma malami ɗaya kada ya wuce yara 25. Ba na ƙin a koya musu Turanci, su sha shi a waƙa da labari. Amma sulhun faɗa a yi shi da harshen da yaro ke kuka da shi.

Wasan ƙasan da yake ba ki labari kuwa, kada ki raina shi. Wanda ya ƙirƙiro irin wannan makaranta, Bajamushe Friedrich Fröbel, a 1840 ya raɗa mata sunan da ke nufin lambun yara, kuma abin da ya tanada a ciki shi ne waƙa, 'yan katakon gini, da fulotin da kowane yaro zai shuka abu ya yi ban ruwa. Wani masani ɗan Rasha, Lev Vygotsky, ya nuna cewa a wasan kwaikwayo ne yaro ke fara iya riƙe kansa fiye da yadda yake iyawa a zahiri. Ni na ga wannan da idona a wasan aure. Akwai wata yarinya a ajina da ba ta iya zama minti biyu, kamar an sa mata garwashi a kujera. Ranar da ƙawayenta suka naɗa ta amarya, suka lulluɓe ta da ɗankwali, sai da ta yi kusan kwata na awa a zaune kai a sunkuye, ko tari babu. Na leƙa na ce ta taso ta sha ruwa, wata ta ce min: Anti, amarya ba ta magana. Ba wanda ya tsawata mata. Dokar wasan ce ta riƙe ta, kuma ita ta yarda da dokar. Haka tuwon ƙasa: sai an yi shawarar wa ce ce uwa, wa zai je cefane, ganye nawa ne kuɗin, wa za a fara zuba wa. Magana, ƙirga, jira, rarrashi, duk suna ciki, ga yatsu suna ƙwari wajen tuƙi da mulmula, yatsun da gobe za su riƙe fensir.

Tunda maigida maganar kuɗi yake, ga abin da za ki kai masa. A 1962 aka fara wani gwaji a garin Ypsilanti na jihar Michigan ta Amurka, da yara 123 'ya'yan talakawa, 'yan shekara uku da huɗu. Aka sa 58 a makarantar da ake kira Perry, awa biyu da rabi kullum, inda yaro ke faɗin abin da zai yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labarin yadda ta kaya, malamai kuma suna ziyartar gida duk mako. Sauran ba a sa su ba. Da farko waɗanda aka sa sun yi fintinkau a gwajin ƙwaƙwalwa, amma bayan 'yan shekaru a firamare tazarar ta shafe, har aka fara cewa an yi asara. Masu binciken ba su daina bibiya ba. Da yaran suka kai shekara 40, sai ga shi waɗanda suka yi makarantar sun fi kammala sakandare, sun fi samun aiki da kuɗin shiga, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, masanin tattalin arzikin da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya bi alƙaluman ya ce mafi yawan ribar daga hali ta fito, wato raguwar faɗa da iya riƙe kai. Ba zan ɓoye miki ba, a can malama ɗaya yara biyar ko shida take riƙewa, don haka ba kowace nazare ce za ta yi alƙawarin irin wannan ba. Amma ya nuna inda ribar take ɓoye, kuma ba a littafin rubutu aka same ta ba. A Finland ma sai yaro ya shekara bakwai yake shiga aji ɗaya. Mu kanmu, salla da ta fi komai, a shekara bakwai aka ce a fara umartar yaro da ita.

To amma fa ba duk makarantar da ta ce wasa take koyarwa ce ke koyar da wani abu ba. Akwai inda ake zube yara a ɗaki, a kunna musu katun, anti na gefe tana latsa waya har a tashi. Wannan ajiya ce, kuma in ita ce kuke biya, babansa ya yi gaskiya. Gani ya kori ji. Ki shirya wata safiya, ki nemi izinin shugabar makarantar ki zauna a bayan aji daga shiga har a fita tara. Makarantar da ta hana uwa wannan ta riga ta ba ki amsa. In kin zauna, ki fara da kunne: muryar wa ta fi yawa? In daga anti sai amshin yara baki ɗaya, ko kuma tsit kamar ana jarrabawa, akwai matsala. Ajin kirki yana da 'yar hayaniya irin ta masu aiki. Ki duba ko akwai abin taɓawa a inda hannun yaro zai kai, ko da kwali ne da murafu da laka da kara, ba sai kayan kanti ba. Ki ga ko ana zama a tabarma a yi labari a bar yara su tambaya, ko ana wanke hannu a layi, ko yara ke kwashe kayan da kansu in an gama. Ki ƙirga kawuna. Sannan ki jira faɗa, don sai an yi, ki ga yadda za a raba.

Kafin ki tafi ki yi wa antin tambaya ɗaya: wa ye abokinsa? Wadda ke kallon yaranta za ta ce miki wane ne, tare suke zama, amma in aka fito da mota sai sun yi rigima, kuma ya fi ƙwace in an kusa tashi. Wadda ta ce ai duk abokansa ne, ba ta san ɗanki ba. Amsar farkon nan ma ta ba ki bakin zare, don yaron da rigimarsa ke tashi wajen sha ɗaya da rabi sau da yawa yunwa ce ko barci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar cewa 'yan shekara uku zuwa huɗu su samu barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, motsa jiki na aƙalla minti 180, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ki lissafa na ɗanki tsakani da Allah. Yaron da ya kwanta sha ɗaya, aka tashe shi shida, ya yi boko, ya yi islamiyya da yamma, in aka ƙara masa aikin gida da dare, ban san lokacin da ya rage masa na zama yaro ba.

A gida ba na so ki zama anti ta biyu. Ki sa shi cikin aikinki: ya tsince wake, ya ɓare gyaɗa, ya jera cokula daidai yawan mutanen gida, ki ɗan tsinka masa ƙullin fulawa ya mulmula. Ki aike shi da saƙo mai gaɓa biyu, ɗauko buta ka rufo ƙofa. Da dare ki yi masa ga ta nan ga ta nanku, ki tsaya a tsakiya ki ce, kana jin Ƙoƙi ta ji daɗin abin da Gizo ya yi? Ki riƙa gayyato yaro ɗaya sa'ansa, ɗaya tak, su yi awa guda kina kusa, don abin da ya gagara cikin ashirin yakan yi sauƙi tsakanin biyu. Kuma in kuna wasa kada ki bar masa ci kullum. Ya fara ɗanɗana faɗuwa a hannun wadda ke sonsa.

Akwai alamomin da ba na cewa a jira. In baƙo ba ya gane mafi yawan maganarsa, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya wasan kwaikwayo sam, ko ba ya kula yara ko kaɗan, ko ya daina abin da a da ya iya, ki kai shi wurin likitan yara, kuma ki nemi a fara da gwajin ji. Na ga yaran da aka yi wa laƙabin taurin kai shekara guda, ashe ciwon kunne ne ya toshe musu ji. Haka in dukan kullum ne, yana raunata yara, kuma wata biyu ko uku na irin kulawar da na faɗa bai rage komai ba.

In kin je kin ga bulala, ko yara hamsin a hannun mutum ɗaya, ko katun daga safe har rana, ku canja, amma ku nemi wadda ta fi ta kula, kada yawan aikin gida ya zama abin da za ku bi. In kuwa kin tarar da anti a durƙushe tana raba rigimar mota, ku bar shi ya ƙarasa shekarar a wurinta. In da hali ki ja babansa ku je tare, ko na rabin awa ne kafin ya wuce aiki, ya tsaya ta taga inda yaron ba zai gan shi ba.